Alkaki da Kek a Ƙasar Gobir

Wanda ya tashi daga Sakkwato ya nufi gabas, in ya bi ta Goronyo, inda aka gama madatsar ruwa a kan gulbin Rima a shekarar 1984, zai kai Sabon Birni, sa'an nan ya karkata kudu ya shiga Isa. Hanyar da muka bi ke nan. Nan ce ƙasar Gobirawa, kuma sarkin Isa da na Sabon Birni duka Sarkin Gobir ake ce musu. Ba nisa da Sabon Birni akwai kufan Alƙalawa, babban birnin Gobir na dā, wanda mayaƙan Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo suka ci a 1808. Bayan wannan waɗansu Gobirawa suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, a ƙasar Nijar ta yanzu. Shi ya sa har wa yau iyaka ba ta raba zumunci ba, ana auratayya tsakanin nan da can.

Ƙasa ce mai fadama, gama gulbin Bunsuru da na Gagare suna ratsa ta kafin su zama Rima. Da damina a yi shinkafa da gero, da rani kuwa albasa da alkama. Daga wannan fadama kayan bikinsu suke fitowa.

A Isa, in ana maganar zaƙin biki, alkaki da nakiya da dubulan ake nufi. Alkaki da ɓarzajjiyar alkama ake yinsa, a kwaɓa, a bar shi ya yi tsami, a naɗa, a soya, sa'an nan a tsoma a zuma ko sukari. Nakiya kuwa garin shinkafa ce da zuma da man shanu da kayan yaji, a yi ta daka a turmi har ta kama jikinta. Waɗannan su ne ƙawar gara, watau kayan abincin da iyayen amarya suke kaiwa gidan ango. Mata sukan taru kwana da kwanaki suna aikin, kowacce ta kawo gudummawarta. Wata tsohuwa da muka gaisar ta ce mana, “'Ya'yana, nakiya ba ta jin tsoron rana. Amarya takan yi watanni tana ba baƙinta.”

Maganar nan ta sa muka tuna da kek, wanda ya zama kamar dole a bukukuwan ikilisiyoyinmu. Baƙo ne daga Ingila. A 1840, sa'ad da Sarauniya Biktoriya ta yi aure, aka yi mata babban kek da aka lulluɓe da farin sukari, daga nan al'adar ta ƙara bazuwa, har ta iso mana tare da Turawa. Amma Ingila ƙasar sanyi ce. A gabashin Sakkwato zafin watan Afrilu yakan wuce digiri 40, ga wutar lantarki ba tabbas. Kek ɗin da aka shafe da bota yakan narke tun ba a fito daga sujada ba.

Masu bi a Isa ba su da yawa, saboda haka mai son kek mai hawa uku sai ya aika Sakkwato ko Gusau. Hanya kuwa ba lafiya. Tun wajen 2019 'yan bindiga suka addabi wannan yanki, dubban mutane suka ƙetare zuwa jihar Maraɗi neman mafaka. A watan Disamba na 2021 suka tare motar matafiya tsakanin Sabon Birni da Isa, suka cinna mata wuta, mutum fiye da 20 suka rasu. Daɗin daɗawa, tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, kuɗin mota da na fulawa da sukari suka hau. Wane uba ne zai sa ɗansa a wannan hanya domin kek?

Mata ba su rasa dabara ba. Sukan zuba rairayi a gindin babbar tukunya, su ɗora a kan gawayi, su jera gwangwanayen madara cike da kwaɓi, su rufe. Ƙananan kek ɗin da suke fitowa ba su da ado, amma ba sa narkewa, kuma kowa yakan sami nasa ba sai an yanka ba.

Ga abin da muka koyo, ya ku iyaye. Da fari, a ƙidaya baƙi kafin a zaɓi kek, a kuma dubi aljihu. Gwargwadon ruwa, gwargwadon tsaki. Bashin biki yakan bi amarya har ɗakinta. Na biyu, a zaɓi wanda zai jure zafi. Na uku, kada a bari a sa giya a ciki yadda Turawa sukan yi wa nasu, gama maƙwabtanmu Musulmi za su zo taya mu murna, ba daidai ba ne mu miƙa musu abin da zai ɓata musu rai. In ango da amarya sun yanka, a fara da iyaye da dattawa, a sa mace guda mai hankali ta raba, a ware na yara, a kuma aika wa marasa lafiya da baƙin da gudun hijira ya kawo unguwa. A jera alkaki da nakiya kusa da shi, kada a ɓoye su a bayan ɗaki kamar abin kunya.

A bikin Kana ta Galili, abin da ya dami Ubangijinmu shi ne kada masu gida su kunyata, kada baƙi kuma su rasa. Kek mai tsawo wanda rabin taro suka gani da ido kawai bai cika wannan ba.

Mu riƙa tunawa da mutanen Isa da Sabon Birni cikin addu'a. Allah ya ba ƙasar Gobir salama, ya sa a koma kai amare ba fargaba. Amin.