Hausa Ta Shiga Jami'a, Zamfarci Yana Bakin Ƙofa

Yau ba labarin soyayya na kawo muku ba, wata magana ce da ta daɗe tana yi mini yawo a rai, game da yadda karatun Hausa ya bunƙasa a jami'o'inmu da kuma rabon da mu mutanen arewacin Zamfara muka samu a ciki.

Ni dai karatuna bai wuce sakandare ba, kuma a nan Ƙaura Namoda na yi shi. Lokacin da muke 'yan mata a shekarun 1990, in aka ce wane ya tafi Sakkwato ko Kano karatun Hausa, dariya ake yi, a ce Hausar da ya sha a nono ita zai biya kuɗi a koya masa? Iyaye likita suke so ko lauya, in ta ƙi, to a shiga kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke garinmu tun 1983.

Alhali tun kafin a haife mu aka fara aikin. A 1969 aka kafa Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya a Kano, lokacin Bayero tana kwaleji a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. A 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya samo digirin dakta a Indiana ta Amurka, kuma ba a kan komai ya yi ba sai Mamman Shata, daga baya ma ya shugabanci Jami'ar Bayero. A shekarar ce aka kafa jami'ar Sakkwato. Mu kuwa sai 2013 aka buɗe Jami'ar Tarayya ta Gusau, inda yanzu yaro zai hau mota daga Ƙaura da safe ya tarar da darasin Hausa.

Wani ƙanena ya taɓa ba ni labarin 'yan asalin Meziko da ke zaune a Amurka, waɗanda ake kira Chikano. Su da rigima suka samu nasu. A 1968 aka buɗe musu sashen nazarin tarihinsu da al'adunsu na farko a wata jami'a a Los Anjelas, a 1993 kuma wasu suka yi mako biyu suna yajin cin abinci a jami'ar UCLA don a ba karatun nasu matsayi. Na ce ikon Allah, wasu da yunwa suka nema, mu an kawo mana har gida muna yatsina fuska.

Mu marubuta kuwa ba da tabarma aka tarbe mu ba. Malam Ibrahim Malumfashi ne ya raɗa wa littattafanmu suna Adabin Kasuwar Kano, ba kuma da nufin yabo ba. Malam Abdalla Uba Adamu ya tsaya mana, aka yi ta fafatawa a jaridu a ƙarshen shekarun 1990. A 2007 har ƙona littattafan soyayya aka yi a Kano. To amma duba yau. Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu an fassara shi zuwa Turanci an buga a Indiya a 2012, In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino kuwa ɗalibai sun yi ta rubuta kundin digiri a kansa. Sunan ma da aka yi mana don gori mun ɗauke shi mun rataya.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne wata yarinya da ta yi mini sallama bara. 'Yar ƙasar Zurmi ce, iyayenta sun baro ƙauyensu saboda 'yan bindiga sun kama haya a nan Ƙaura, ita kuma tana ajin ƙarshe a sashen Hausa. Littattafaina take so ta yi kundinta a kansu. Bayan mun gaisa ta buɗe jaka ta zaro na farkon, duk ta ja masa layi da jan biro.

Ta ce, "Anti, labarin ga cikin Shinkahi munka ga an yi shi, to mi yas sa kowa ka Kananci?"

Na yi dariya na ce, "Ɗiyata, tambayi kasuwa."

Yadda aka yi shi ne, da Zamfarci na rubuta maganganun mutanen labarin. Da na kai Kano, mai buga mini a kwamfuta ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya gyara, munka ta koma muka, wanga ya koma wannan, yaz zaka ta koma ya zo. Da na yi magana sai ya ce, "Hajiya, in kika bar su haka ba mai saye." Sai a littafina na uku na kafe a kan wata tsohuwa ta yi maganarta yadda kakata ke yi, kuma ita ce masu karatu suka fi aiko mini wasiƙa a kanta.

Ba na cewa jami'a ta manta da mu. Ana koyar da karin harshe, kuma manazarta irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun yi wa makaɗanmu hidimar da ba za mu iya biya ba. Ai da wuya a yi darasin waƙar baka ba a ambaci Narambaɗa na Isa, maƙwabciyar Shinkafi, ko Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru na ƙasar Maradun, ko Kassu Zurmi makaɗin 'yan tauri da mafarauta ba. Sai dai na lura Zamfarci a bakin makaɗi ake girmama shi. In ya fito daga bakin ɗalibi, ko ya shiga shafin ƙagaggen labari, sai ya zama kuskuren da za a gyara. Daidaitacciyar Hausa tana da amfaninta, ga shi da ita nake muku wannan rubutu, amma ba ita tsofaffinmu ke yi ba.

Tsofaffin nan kuwa ƙarewa suke yi, ba ta hanyar da aka saba ba. Ƙauyuka nawa ne suka watse tsakanin Zurmi da Shinkafi? A Satumbar 2021 an rufe kasuwannin mako-mako an katse layin waya a jihar nan, muka zauna ba mai jin ɗuriyar wani. Ɗalibin da a da zai hau babur ya shiga ƙauye ya ɗauko tatsuniya ko kirarin noma daga bakin masu shi, yau uwarsa ba za ta bar shi ba, ni ma ba zan ba ta shawarar ta bari ba. Wato sashen ya iso kusa da mu daidai lokacin da hanyar zuwa wurin masu ilimin ta toshe.

Abin da ya rage shi ne masu ilimin da kansu sun taso sun zo gari, suna ɗakunan haya da kangaye a Ƙaura da Gusau. Yarinyar nan ta gane haka. Kullum bayan isha'i takan ajiye wayarta a gaban kakarta, tsohuwa na ba da labarin yadda ake kamun amarya a ƙauyensu da sunayen unguwanni da rijiyoyin da ba kowa a bakinsu yanzu. Na shiga ɗaki na ɗauko mata littafin rubutu na makaranta da na fara rubuta labarin nan na Shinkafi a ciki, da Zamfarcinsa yadda yake kafin ya je Kano. Ta ce za ta nuna wa malaminta, ta dawo mini da shi bayan Sallah.