Inna, Uwar Gona da Durga: abin da na rubuta a Ƙaraye da Rogo

Laraba, Ƙaraye

Na iso da la'asar ta hanyar Gwarzo. Kaka ta kama, masara a shanye har bakin kwalta, direba yana ta kauce mata yana mita. Gwaggo ta ce ita ta cire rai da ganina sai wata Sallar.

Bayan isha'i yara suka haɗa kai a kan waya ɗaya suna kallon fim ɗin Indiya mai fassara. Aka nuno wata mata ta durƙusa tana kuka gaban mutum-mutumin mace mai hannuwa rututu, kowane hannu da makami, ga zaki a ƙarƙashinta. Yaran suka ce gunki ne, a tura gaba zuwa wajen faɗa. Gwaggo ta leƙa, ta yi a'uziyya, sannan ta ce, "Wannan ai Innarsu ce." Yaran ba su tanka ba, don Innar da suka sani ita ce mai sayar musu da ƙosai.

Durga ce aka nuna. A irin wannan lokaci, tsakanin Satumba da Oktoba, mabiya addinin Hindu suke yi mata bikin dare tara da suke kira Nawaratri. Labarinsu ya ce wani shaiɗani mai siffar ɓauna, Mahishasura, ya gagari alloli maza, sai suka haɗa ƙarfinsu ya zama mace, ita ta kashe shi. A wajensu ƙarfin da ke motsa halitta mace ne, Shakti, shi ne yake bayyana a Lakshmi ta arziki, da Saraswati ta ilimi, da Kali mai ban tsoro. A Kalkata da laka ake gina Durga, a yi mata ado, in an gama biki a kai ta kogi ta narke. Hukumar UNESCO ta sa wannan biki cikin kayan gadon duniya a 2021.

Alhamis

Muna ɓare masara a tsakar gida na sake ɗauko zancen. Gwaggo ba ta so ba da fari. Ɗaliba ce a Islamiyyar matan aure da tsufanta, kuma ta ce bakin da ke karanta Ƙur'ani bai kamata ya riƙa kiran iskoki ba. Da na ce tarihi nake nema, ta sassauta.

"'Yar nan, ba a kiran sunanta kai tsaye. Inna ake cewa, ko Doguwa, ko Bafillatana. A tsamiya take zama. Nono take so, da farin zane, da farar tunkiya. In ta riƙe gida, rumbu ba ya ƙarewa, ɓarawon da ya taɓa shi kuma cikinsa ya kumbura. In ta yi fushi, sai ta shanye wa yaro ƙafa."

Ta ce tana ƙarama ta ga wasan bori a wani gida a bayan gari, mata na kiɗan ƙwarya, mai garaya a gefe. Wadda Inna ta hau, wato goɗiyarta, sai aka lulluɓe ta, ta zauna tana kwaikwayon tatsar nono, mata na zuwa suna faɗa mata damuwarsu: wannan ba ta haihu ba, wannan goyonta ba ya tsayawa. Da iskar za ta sauka sai matar ta yi atishawa. Abin da ya tsaya wa Gwaggo a rai shi ne matar nan talaka ce tilis, mijinta ma ba ya sauraron ta, amma a wannan daren dattawa suna durƙusa mata.

Abin da ta faɗa ya yi daidai da abin da Fremont Besmer ya rubuta a littafinsa na 1983 kan borin ƙasar Kano: iskoki suna da birninsu, Jangare, mai gidaje goma sha biyu, sarkinsu Sulemanu, Inna kuma matarsa ce, uwar 'yan bori.

Da yamma a bakin tasha na ga wani magidanci a keken guragu yana sayar da katin waya. Shan inna. Wannan shi ne sawun Doguwa da ya fi daɗewa a cikinmu, don har malamin asibiti da sunan yake kiran cutar. Muddin uwa ta yarda iska ce ta taɓa ɗanta, wajen mai magani za ta nufa, ɗigon rigakafi kuwa ba ta ga haɗinsa da tsamiya ba. Wannan fahimta tana cikin abubuwan da ma'aikatan lafiya suka yi fama da su, ban da rigimar 2003 da gwamnatin Kano ta dakatar da rigakafin har zuwa tsakiyar 2004. Sai a Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Indiyawa ma suna da irin wannan uwa mai bayarwa mai karɓewa: Sitala, wadda suka ce ita ke kawo agana kuma ita ke sanyaya ta. Nan ne kamar da Gwaggo ta hango ta fi fitowa, fiye ma da wajen Durga mai zaki.

Juma'a

Ban yi wani abin kirki ba. Yaya, babban ɗan Gwaggo, ya kai ni ganin madatsar ruwa ta Challawa da aka kammala a 1992. Masunta na gyaran koma, muka sayi tarwaɗa. A hanyar dawowa muka bi ta ƙofar fada ana shirin masallaci. Masarautar nan ta ga sauyi a 'yan shekarun nan: an ɗaga ta a 2019, aka rushe a Mayun 2024, aka dawo da ita mai daraja ta biyu a Yulin shekarar, da Ƙaraye da Rogo a ƙarƙashinta. Hirar da ake yi a kowace majalisa ke nan, da tsadar taki.

Asabar, Rogo

Wani abokin Yaya ya ɗauke mu zuwa wata unguwar Maguzawa a cikin ƙasar Rogo, hanyar da sai babur. Gonakin rake da dawa hagu da dama. Gidan babba ne irin na gandu, sassa da yawa a cikin danga ɗaya. Na ce unguwar Maguzawa don haka ake kiran ta, amma a gidan da muka sauka wasu 'ya'yan suna zuwa coci, wasu sun musulunta, kuma tukunya ɗaya suke ci. Mai yin tsafi a fili babu.

Tsohuwar gidan tana zaune a gindin rumbu tana tsince wake. Na gaishe ta da Iya, ta ce mini 'yar birni. Rumbun na laka ne, a ɗore kan duwatsu saboda gara, da hular ciyawa da ake ɗagewa da gora. Ta buga shi da tafin hannu.

"Wannan nawa ne. Na maigida yana can. Ko da yana raye bai taɓa leƙa wannan ba."

Ta yi mini bayanin yadda tsarin yake a da. Kowa yana aiki a gandu, amma kowace mace tana da gayaunarta, abin da ta noma nata ne. In an gama kaka sai a liƙe rumbun gandu, ba a buɗe shi sai damina ta kama, lokacin da ake bukatar ƙarfin noma. Tsakanin nan mata ne ke riƙe da bakin 'ya'yansu daga nasu rumbun, su kuma dafa giya su sayar, su sayi akuya. Mace mai rumbu uku, in ji ta, ko a taron maza ana jin maganarta.

Na tambaye ta Uwar Gona. Ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce wa ya gaya mini wannan suna. Ta ce surukinta ba ya shuka sai ya yi mata yanka a gona, ba ya kuma buɗe rumbu sai an ba ta nata. Akwai Doguwar gida mai tsaron iyali, akwai ta daji, baƙa, wadda baƙar akuya ake ba ta kuma ba a wasa da ita. Wani abu da ta faɗa ya sa na ajiye biro: yankan nan duk maza ke yi. Uwa ce ake roƙo, amma wuƙa tana hannun maigida. Mata sai dai bori.

Kuma ta ce su ma sun san Allah ne ya yi sama da ƙasa, iskokin nan na kusa ne kawai, su ake lallashi. Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939 ya fitar da littafinsa a 1946, haka ya tarar.

Da za mu tafi ta cika mini ƙwarya da wake. Na ce ya yi yawa, Iya. Ta ce ba ta nemi izinin kowa ba.

Lahadi

Jikina duk ciwo saboda babur, na wuni a ɗaki ina jera abin da na sani.

Tarihin Kano ya kawo Barbushe da Tsumburbura a gindin Dala, inda ake kai baƙaƙen karnuka da kaji da awaki, har Sarki Tsamiya ya rushe wurin a ƙarni na 14. A bakin mutane Tsumburbura mace ce. Daura tana da jerin Magajiyoyi kafin Bayajidda. Amma abin da ya fi kama hankalina Gobir ce. A can Inna sarauta ce ta 'yar gidan sarki, ita ke shugabantar mata da 'yan bori, tana da fada, tana sa malfa irin ta maza. Har yau ana naɗa ta a Tsibiri ta ƙasar Maraɗi.

Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi hannun masu jihadi a 1808. Bori ya zama abin hani, amma matan karkara ba su daina haihuwa da rashin lafiya da neman wadda za su kai wa kuka ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta gane wannan giɓi. Ta kafa 'Yan Taru, ta zaɓi dattijai mata ta naɗa su jaji, su riƙa jagorantar mata daga ƙauyuka zuwa karatu. Alamar da ta ba jaji kuwa malfa ce da jan ƙyalle, wato hular da aka san Inna da ita. Ta kawar da aƙidar, ta bar wa mata shugabancin. A ganina ba a yi dabarar wa'azi da ta kai wannan ba a ƙasar Hausa.

Litinin

Mun kai ruwa rana da Yaya bayan magariba. Malamin makaranta ne, kuma bai ji daɗin tafiyar Asabar ba ko da shi ya shirya ta. Ya ce, "Ƙanwata, abin da Allah Ya raba mu da shi, mene ne na tono shi? Gobe wani ya karanta ya ce kina kewar tsafi."

Na ce masa ba na kewar komai. Ni Musulma ce, kuma ban ga abin sha'awa a tsoron tsamiya da ya sa yara suka gurgunce ba. Indiya ma ta ishe mu misali. Ƙasar da miliyoyi ke durƙusa wa Durga ita ce ta kafa doka a 1961 don hana kuɗin da ake tilasta wa iyayen amarya su biya, ta sake kafa wata a 1994 don hana duba jinsin ɗan tayi saboda zubar da cikin 'ya'ya mata. Bauta wa mace ta laka bai sa an daraja mai rai ba. Abin da ya ba tsohuwar Rogo baki ba Uwar Gona ba ce, rumbunta ne. Abin da ya ba jaji baki karatunta ne da naɗin da aka yi mata.

Tambayar da na yi masa ita ce: jikokin tsohuwar nan da suka musulunta suka shiga kulle, ina gayaunarsu? Musulunci ya ba mace gado da mallaka, to mata nawa ya sani a ƙauyukan nan da aka yanka musu gonar ubansu suka riƙe, ba a ce 'yan'uwa maza su noma musu ba? Ya yi shiru, sannan ya ce wannan kuma laifin mutane ne. Na ce a nan mun daidaita. Gwaggo da ke jin mu daga ɗaki ta ce ita ma tata gonar tana hannun ƙaninta tun rasuwar mahaifinsu, buhu biyu yake aiko mata in ya ga dama.

Talata

Ina haɗa kaya. Tsofaffin da suka ga wannan tsari da idonsu a Rogo da Ƙaraye sun kusa ƙarewa, 'ya'yansu kuma, na coci da na masallaci, kunyar zancen suke ji. Yawancin abin da aka rubuta a kai baƙi ne suka rubuta, da Turanci ko Faransanci, kuma galibi daga bakin maza.

Ina roƙon Majalisar Masarautar Ƙaraye da Sashen Harsunan Nijeriya na Jami'ar Bayero su tura ɗalibai mata su ɗauki muryoyin waɗannan tsofaffi da Hausarsu, kan gayauna da rumbu da girkar bori da ungozomanci. Mata za a tura, don akwai abin da Iya ba za ta faɗa a gaban namiji ba. Mai karatu da ke da kaka a waɗannan ƙauyuka kuwa, wayar hannunsa ta isa ya fara.