Kyamarar kwali ta tuna masa da wasa

DUK wanda ya yi aiki da shi a lokeshin zai gaya maka cewa in ya na wuri ba a rasa dariya. Ɗan Tiga ne, cikin Ƙaramar Hukumar Bebeji, kuma ya yi shekaru ya na riƙe wa masu ɗaukar hoto kyamara a Kano. To amma da kasuwar faifai ta Ƙofar Wambai ta mutu, kallo ya koma waya, sai aiki ya yi wuya. A 2016 ya sa rai da alƙaryar fim da aka ce za a gina a Kofa, nan kusa da gida, ita ma aka soke ta. Sai ya tattara ya koma Tiga ya kama noman rani.

Tun daga nan fara'a ta ƙaurace masa. Har ta kai wata rana ya dawo daga gona ya iske ɗan sa ɗan shekara 7 ya baje tsakar gida da karan dawa ya na haɗa mota. Ya sa ƙafa ya take ta, ya ce, "Wasa zai ba ka abinci?" Yaron bai yi kuka ba. Sai dai daga ranar, da ya ji sallamar uban sai ya shige ɗaki.

Ana haka sai 'yar yayar sa ta matsa masa lallai ya je makarantar su, ɗalibai za su baje kolin zane-zane da aikin hannu. "Kawu, don Allah ko minti goma ne," inji ta. Don kunya ya je.

Aji ɗaya aka share aka jera tebura. Ga shanun laka, ga jirgin sama na gwangwanin madara. Wata ta zana Dam ɗin Tiga, wanda aka gina zamanin Gwamna Audu Baƙo aka gama a 1974, amma a nata zanen kifaye ne zaune a kwalekwale su na kamun masunta. Wani kuma ya zana biran dajin Falgore sun tare hanyar Jos su na karɓar kuɗin mota. Mutumin naka bai san sanda dariya ta ƙwace masa ba.

A can ƙurya ya ga abin da ya tsayar da shi: kyamara ta kwalin sabulu, an yi mata ido da gindin kwalba, an ɗora ta kan sanduna uku. Mai ita, wani ɗan aji ɗaya, ya saita shi ya ce, "Baba, ka ɗan matsa, haske ya na bayan ka." Kuma gaskiyar sa! Taga ce a bayan. Abin da shi sai da ya sha faɗan darakta kafin ya gane, yaro ya gano shi wajen wasa.

Nan ya tuna majigin da su ke yi su na yara: farin ƙyalle, tocila, da mutum-mutumin kwali, kuɗin shiga kuwa gyaɗa. Ya tuna tashe cikin watan azumi. Ashe sana'ar da ya ke kuka a kan ta ma sunan ta wasan kwaikwayo, manyan jaruman ta kuma 'yan wasa ake kiran su.

Da yamma ya shigo gida da ɗaurin kara a kafaɗa. Yaron ya miƙe zai gudu. Ya ce, "Zo nan, ɗauko min reza. Tayar taka ma ba haka ake yi ba."

Sai da aka kira magariba su ka tashi. Motar ta karkace gefe guda, amma ta yi tafiya.