Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibi: Tunani A Kan Tseren Motocin Ɗalibai

Mai kallon tseren motoci na Formula 1 a talabijin, idonsa a kan matuƙi yake tsayawa, domin shi ake ɗaga wa tuta, shi ake miƙa wa kofi. Amma matuƙa biyu kacal kowace ƙungiya take sakawa a fili, alhali kuwa a bayansu akwai ɗaruruwan ma'aikata, da yawansu injiniyoyi, waɗanda suka zana motar, suka ƙera ta, suke kuma sauraren numfashinta tun daga tashi har zuwa ƙarshen tsere. Ni adabi nake koyarwa, sai dai duk malami, kowane irin fanni ya riƙa, tambaya ɗaya ce take hana shi barci, wato yaya ɗalibi yake tashi daga mai haddace darasi ya zama gwani? Wannan tambaya ce ta kai ni ga bin diddigin inda ake renon waɗannan injiniyoyi.

Ɗaya daga cikin manyan wuraren renonsu shi ne gasar da ake kira Formula SAE a Amurka, wadda aka fara a shekarar 1981 a Jami'ar Texas da ke Austin. A 1998 ƙungiyar injiniyoyin kanikanci ta Ingila ta kafa irinta da sunan Formula Student, wadda daga baya ta koma filin Silverstone, sannan Jamus ta bi sahu a 2006 a filin Hockenheim. Sharaɗin gasar shi ne ɗalibai su zana ƙaramar motar tsere mai kujera ɗaya, su ƙera ta da hannunsu, su nemo kuɗinta, su kuma tuƙa ta da kansu. Malami yana iya ba da shawara, amma an hana shi ɗaukar alƙalamin zane. Idan shekara ta zagayo kuma, sabuwar mota ake so.

Abin da ya fara jan hankalina a cikin ƙa'idojin shi ne yawan takunkumin da aka ɗaura wa ɗaliban. Alal misali, injin mai shan fetur ba zai wuce sisi 710 ba, kuma duk iskar da zai shaƙa tilas ta bi ta wani ƙuntataccen maƙogwaro mai faɗin milimita 20. Inji kuwa da iska yake ƙona mai, saboda haka wanda aka shaƙe wa maƙogwaro ba shi da halin yin taƙama da ƙarfi. Dole ɗalibi ya nemi gudu ta wata hanya: ya rage nauyin mota, ya gyara yadda taya take kama ƙasa, ya daidaita giya. Wannan al'amari ba baƙo ba ne ga wanda ya san rubutacciyar waƙa. Sha'irin da ya ɗaure kansa da kari da amsa-amo ba ya iya zuba duk kalmar da ta zo bakinsa, sai ya auna ta, ya juya ta, wani lokaci ya yar da ita ya nemo wata. A wannan ƙuncin ne gwaninta take tsira. Masu ɗaukar aiki sun san haka sarai, domin tun 2021 aka ƙayyade wa ƙungiyoyin Formula 1 abin da za su kashe a shekara, inda aka fara da dala miliyan 145. Ke nan injiniyan da ya saba aiki da ɗan abin da ke hannunsa ya riga ya san garin kafin ya shiga.

Kafin a bar mota ta taka fili, sai ta bi ta hannun masu bincike. Za a ɗora ta a kan wani dandamali a karkata ta har digiri 60, a ga ko za ta kife. Za a sa matuƙi ya taka birki, a tabbatar tayoyi huɗun sun tsaya cak a tare. Za a kuma ɗaure shi a kujera a ce ya fito cikin daƙiƙa 5, domin ranar da wuta za ta tashi ba za ta jira shi ba. Motar da ta kasa ko ɗaya daga cikin waɗannan, ko da an yi wata goma ana wahala a kanta, a rumfa za ta kwana har sai an gyara.

Bayan haka sai rabon maki, wanda a tsarin Amurka jimlarsa 1,000 ne. Daga ciki, maki 325 ana samunsu ne motar tana tsaye. Ɗalibai za su kawo lissafin kuɗin kowane ƙarfe da kowane noti, za su bayyana yadda za a sayar da motar ta kawo riba, sannan su tsaya gaban alƙalan zane, waɗanda akasari injiniyoyi ne daga masana'antun motoci da ƙungiyoyin tsere. A nan ne ake tsare yaro da tambaya: me ya sa ka zaɓi wannan ƙarfe ka bar wancan? Ina lissafinka? Ka gwada, ko kuwa gani ka yi a motar wasu ka kwaikwaya? A ganina wannan zama shi ne zuciyar horon baki ɗaya, domin a nan ɗalibi yake koyon cewa duk abin da ya zaɓa amana ce a wuyansa. Ba abin mamaki ba ne da Ross Brawn, wanda ƙungiyarsa ta lashe gasar duniya a 2009, ya yarda ya zama uban gasar ta Ingila, tunda shi kansa da koyon sarrafa ƙarfe ya fara.

Sauran makin a fili ake nemansu, kuma kaso mafi tsoka yana ga tseren juriya na kimanin kilomita 22. A tsakiyarsa ake tsayar da mota, a kashe inji, a sauya matuƙi, sannan a ce ta tashi da kanta ba tare da an tura ta ba. Motoci da yawa a nan labarinsu yake ƙarewa, wata waya ta kwance, wata ruwa ya tafasa, wata noti guda ya warware. Sau da yawa wanda ya ɗaura notin nan yana tsaye a bakin fili, abokansa suna kallonsa, shi ma ya san aikinsa ne. Babu laccar da za ta koya wa mutum abin da wannan tsayuwar take koya masa. Haka kuma babu mai kai wa ga nasara shi kaɗai, domin mai inji da mai birki da mai lantarki a jiki ɗaya suke aiki, in ɗaya ya ƙara nauyi sai ɗaya ya rage, in ɗaya ya makara kowa ya makara.

Kada mai karatu ya ɗauka wasan yara ne. A 2023 ɗaliban Zurich da Lucerne a ƙasar Suwizalan sun ƙera mota mai lantarki wadda ta tashi daga tsaye ta kai gudun kilomita 100 a awa cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, abin da ya zama bajinta ta duniya. Mu ma nan gida an taɓa ƙwanƙwasa irin wannan ƙofa, domin a 2014 ɗaliban Jami'ar Legas da na Jami'ar Benin sun kai motocinsu birnin Rotterdam na ƙasar Holan, suka shiga gasar Shell Eco-marathon, wadda ita tsimin mai take aunawa.

Abin da yake damuna shi ne, mafi yawan aikin da muke ba ɗalibanmu ba shi da irin wannan rana ta hisabi. Ɗalibi zai rubuta kundin kammala digiri, a duba, a ba shi maki, a ɗaure a jera a kanta, ƙura ta rufe, ba wanda zai sake tambayarsa ko abin da ya rubuta yana tafiya. A ɓangarenmu na adabi, abin da na ga ya fi kusa da tseren juriya shi ne wasan kwaikwayo a dandamali. An sa rana, an tara jama'a, wanda bai haddace layinsa ba kowa zai gani, mai fitila in ya yi sakaci ya ɓata wahalar mutum ashirin. Na lura cewa ɗaliban da suka sha wannan gumi sukan fita daban, sun san lokaci, sun san sauraren gyara, ba sa kuma yawan kawo uzuri.

Ba kowace jami'a ce za ta iya ƙera motar tsere ba, kuma ba kowane mai ƙera ta ne zai sami gurbi a Formula 1 ba, da yawansu masana'antun motoci da na jiragen sama suke tafiya. Amma kowane sashe yana iya ba ɗalibansa aiki guda na haɗin gwiwa, mai ƙayyadadden kuɗi da tsayayyar rana, wanda za a gwada a bainar jama'a, masana daga waje su yi tambaya. Ina roƙon 'yan'uwana malamai mu duba wannan, ɗalibanmu kuma su nemi irin wannan aiki da kansu tun suna gabanmu, lokacin da faɗuwa ba ta wuce asarar maki ba.