Gidan Gona, Dara Da Zumunci

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, wato ba a aika ta da saƙo, sai an taka an je. To, mu da muke zaune a Kumasi, a unguwanni irin su Aboabo da Asawase da Sabon Zango, mun san yadda wannan magana ta yi wuyar cikawa a yau. Ɗaki ɗaya mutum shida, tsakar gida babu wurin shimfiɗa tabarma biyu, kowa ya fita tun asuba bai dawo ba sai bayan Isha'i. Wa da ƙane suna gari ɗaya, amma sai suna ko jana'iza ke haɗa su. Wannan ne ya sa muka ga ya kamata mu ba ku labarin gidan gonarmu, ko wani gida zai tsinci abin amfani a ciki.

Gidan yana wani ƙauye a yankin Ejura, ƙasar masara da doya. Daga Kumasi sai mota ta hau tudun Mampong, sa'an nan ta gangara, daji mai duhu ya fara sirancewa, sararin sama ya buɗe kamar an doshi arewa. Kakanmu ne ya sami filin a hannun sarkin garin, domin a ƙasar Asante ƙasa ta kujerar sarauta ce, baƙo ba ya samunta sai da yardar mai riƙe da kujerar. Shi kuwa fataucin goro ne ya kawo iyayensa daga ƙasar Hausa, kamar yawancinmu. A shekarar 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar ƙasa, mutanen Zango da yawa sun sayar da gidajensu a wulaƙance sun tafi. Wasu daga cikin danginmu ma sun bi ayarin zuwa Nijeriya da Nijar. Kakanmu yana cikin waɗanda suka zauna, kuma tun daga ranar ya riƙa cewa wanda ba shi da abin da ya dasa a ƙasa, ko ya shekara ɗari a gari, baƙo ne. Shi ya sa ya dasa mangwaro da darbejiya, ya gina ɗakuna huɗu da rumfa a gonar.

A wannan rumfa muke taruwa. Bayan kowace Salla mukan je, haka nan ranar hutun manoma, wadda yawanci takan faɗo Juma'ar farko ta watan Disamba, sai mu haɗa da Asabar da Lahadi. Mata su ɗora tuwo da miyar ayoyo, samari su fige zabi, da safe a sha koko da ƙosai. Amma abin da ya fi riƙe mu a wurin, in za a faɗi gaskiya, wasa ne.

Dattawa dara suke yi. Ba ta bukatar komai sai ƙasa: a tona gurabu talatin, layi biyar kowanne da gurbi shida, wannan ya ɗauki tsinke goma sha biyu, wancan tsakuwa goma sha biyu. Da farko a jera su ɗaya bayan ɗaya, ba a yarda kowa ya haɗa uku a jere ba. Sai an gama jeri sa'an nan a fara turawa, duk wanda ya haɗa uku sai ya cire ɗaya daga 'ya'yan abokin wasansa. Wanda ya yi garaje wajen jeri, tun kafin a fara turawa an cinye shi. Kawunmu yakan ce da samari, "Ku dai zauna ku kalla, wanda bai iya jeri ba, ko aure ya yi sai dara ta ci gida."

Mata da 'yan mata ludo suka fi so, wasan da aka ce asalinsa daga Indiya yake, Turawan Ingila suka sake masa fasali. A nan ne ake jin ihu, domin babu gwaggo babu 'ya, kowa korar ɗan kowa yake ya mayar da shi gida. Taubasai kuwa nan suke samun filin tsiya, jika ya kori kakarsa ta ce ta fasa aurensa. Samari suna can gefe da allon dame mai gida ɗari, kowa da 'ya'ya ashirin, suna buga katako kamar za su fasa shi.

Akwai kuma oware, wadda muka koya wajen maƙwabtanmu Asante, mai rami goma sha biyu da ƙwaya arba'in da takwas. A cikinta akwai wata doka da ta daɗe tana ba mu sha'awa: in ramukan abokin wasanka sun ƙare babu ko ƙwaya ɗaya, kuma kana da halin zuba masa, to dole ne ka zuba masa domin wasa ya ci gaba. Ba a yarda ka bar shi da yunwa ba. Gwaggonmu takan ce wannan ba dokar wasa ba ce, dokar zaman gida ce.

Mun san akwai malaman da ba sa son wasan da ake jefa ƙwaya a cikinsa, kuma muna girmama maganarsu. Dokokin da kakanmu ya kafa guda uku ne, har yau ba a taɓa su ba. Ba a sa ko kwabo a kan wasa, domin da an sa kuɗi ya zama caca. Da an kira salla a kife allo, ko da saura taki ɗaya mutum ya ci. Sa'an nan a ƙarƙashin rumfa Hausa ake yi. Wannan ta uku ita ce ta fi yi wa yaranmu wuya, domin a makaranta Turanci suke yi, a titi kuma Twi, Hausar ta rage ta aike da ta gaisuwa. Amma yaron da yake son ya yi gardama a kan an cuce shi a ludo, dole ya nemo kalmomin. Da yawansu a nan suka koyi ƙirga da Hausa, a nan suka fara jin karin magana da zambo.

Bayan rasuwar dattawan farko, sai maganar sayar da gonar ta taso. Masu son a sayar ba mutanen banza ba ne, hujjarsu mai ƙarfi ce. Rufin kwano ya yi tsatsa, kuɗin mota ya hau, ga kuɗin makaranta, ga masu neman jari. Wani yayanmu ya ce, "Baffa, gidan da muke kwana a cikinsa sau uku a shekara, shi za mu riƙe alhali 'ya'yanmu na kwana a shago?" Magana ta yi zafi har wasu suka daina gaisawa, aka koma jifan juna da habaici a WhatsApp.

Baffanmu, wanda shi ne babba yanzu, bai yanke hukunci a waya ba. Ya ce kowa ya zo gona. Ranar farko bai ta da maganar ba sam. Sai ya tona gurabu, ya zaunar da mutum biyun da suka fi zafi, ya ba wannan tsinke ya ba wancan tsakuwa. Mutum ba ya iya zama gwiwa da gwiwa da ɗan'uwansa awa biyu, jama'a na kewaye suna dariya, ya tashi da fushin da ya zo da shi duka. Washegari bayan sallar Azahar aka zauna, aka kira mata ma, domin su ma magada ne, kuma rabonsu a shari'a ba kyauta ba ce.

Ga abin da aka tsayar. Ba za a sayar ba. An ba wani manomi na garin gonar bisa tsarin da ake kira abusa, wato a raba amfanin gona kashi uku bisa yarjejeniya. Abin da ya zo hannunmu, a fara fitar da zakka in ya kai, sauran a raba wa magada bisa ƙa'ida. Gyaran ɗakuna kuwa, kowane gida yana turo abin da aka yanka masa duk wata ta wayar hannu, kamar adashi. An rubuta komai, an sa hannu a gaban shaidu, an kuma kai gaisuwa wajen sarkin garin domin ya san da zancen. Wanda yake cikin matsi, aka yi masa karo-karo a wurin, wato dai aka bi dokar oware.

Ba mu ce kowane gida sai ya mallaki gona ba. Da yawanmu haya muke zaune, ko fili na shuka albasa babu. Amma kowane gida yana da wani wuri, ko zauren tsoho ne, ko inuwar wata bishiya, kuma allon ludo bai kai kuɗin katin waya na wata ɗaya ba. Dara kuwa kyauta ce. Abin da ake bukata shi ne a sa rana, a riƙe ta, a zo da yara, a ajiye waya a aljihu. In ba mu haɗa 'ya'yanmu a kan tabarma ɗaya suna ƙanana ba, ranar rabon gado za su haɗu a matsayin baƙi, kuma baƙi ba sa jin kunyar juna.

Allah ya jiƙan magabatanmu da suka dasa abin da muke shan inuwarsa, ya ƙara mana zumunci, ya zaunar da ƙasarmu Gana lafiya. Amin.