Littafin Ƙungiyar Unguwarmu

Ni haifaffen cikin birnin Kano ne, a unguwar da kowa ya san kakan kowa. Ina ɗan shekara 12 mahaifina ya sayi gida a wani rukunin gidaje da ke bayan gari, muka tashi. Irin waɗannan rukunai ba baƙi ba ne a Kano. Akwai na Kundila da na Gwammaja, akwai kuma gidaje masu sauƙin kuɗi na zamanin Shugaba Shehu Shagari, tsakanin 1979 da 1983, waɗanda har yau sunansa suke amsawa. Namu dai ƙarami ne, gida 84, kowane da katangarsa da ƙofarsa ta ƙarfe.

A birni, idan kwata ta toshe, mai unguwa zai sa a yi shela, matasa su fito aikin gayya, domin zumuncinsu gadonsa suka yi. A nan kuwa maƙwabcinmu na dama ma'aikacin banki ne, na hagu ɗan kasuwar Kantin Kwari, na gaba likita ne mutumin Kudu, kuma babu abin da ya haɗa su sai layi. Saboda haka suka kafa ƙungiyar mazauna, da shugaba da magatakarda da ma'aji, suna taro ranar Lahadin farkon wata bayan la'asar. Kowane gida yana biyan kuɗin wata, da shi ake sallamar masu gadi biyu, a kwashe shara, a sayi man injin rijiyar burtsatse, idan kuma taransifoma ta ƙone a yi karo-karo na musamman.

Mahaifina ne ma'aji. Da idonsa ya yi rauni, sai littafin ya dawo hannuna, ni ne mai bin gida-gida da rasit. A wannan aiki na san halin ɗan Adam. Wani za a ce maka ba ya nan, alhali ga motarsa kana gani. Ɗan haya ya ce mai gida ne zai biya, mai gida ya ce ai ba shi yake shan ruwan ba.

A watan Mayu na 2023 aka cire tallafin man fetur, farashinsa ya ninka kusan sau uku. Dole aka ƙara kuɗin wata, masu bashi suka yi yawa, har injin yakan kwana biyu bai tashi ba. Taro ya yanke cewa duk gidan da ya tara bashin wata uku a yanke masa famfo, aka ce in fitar da sunaye.

A cikinsu akwai wata baiwar Allah da ke gidan ƙarshen layinmu, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyar, da awarar da take soyawa take riƙe su. Marigayin yana cikin waɗanda suka yi tsaye aka haƙa rijiyar. Sai na tsallake sunanta, na kai wa mahaifina takardar. Ya sa na karanta masa, ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Ina gidan ƙarshen layi?" Na ce, "Baba, marayu ne." Ya ce, "Na sani. Amma littafin nan amana ce. Idan ka ɓoye ta yau don tausayi, gobe wani zai ɓoye abokinsa don son kai, shi ke nan littafin ya mutu. Rubuta ta, sauran maganar a bar ta sai taro."

Ran nan na kwana ina ganin baƙinsa. Da Lahadi ta zo, shi da kansa ya ta da maganar. Aka yi ta cacar baki. Wani ya ce idan aka yafe wa ɗaya, kowa zai zama maraya. Likitan nan ya ce tun da an iya rubuta dokar yanke famfo, ai ana iya rubuta ta sassauci. A ƙarshe aka rubuta a fili cewa gidan da mai shi ya rasu ya bar marayu ba ya biyan kuɗin wata, wanda kuwa yake da hali ya ƙi, a yanke masa. Aka kuma soma tara kuɗin sa wa rijiyar na'ura mai aiki da hasken rana, abin da ya ci mu shekara guda.

Ba zan ce an rabu lafiya ƙalau ba. Matar ta ji ciwon yadda aka ambaci halinta a gaban maza, ta yi makonni tana amsa gaisuwata da ƙyar. Na kuma lura cewa ranar da aka yi shawarar ruwa babu mace ko ɗaya a wurin, alhali su ne suka fi kowa sanin zafin rashinsa, kuma har yau haka taron yake. Sai dai tun daga lokacin, duk ranar tsaftar muhalli, babban ɗanta ne yake fara fitowa ya share gindin tanki, ba tare da wani ya sa shi ba.

'Yan uwana ɗalibai, a aji muna nazarin gayya kamar wata al'ada ce da ta tsaya a gona. Ni dai na gan ta a bayan gari, ta yi littafi da rasit. Yawancinmu a irin waɗannan gidaje za mu zauna, cikin mutanen da ba mu haɗa kaka da su ba. Idan aka kira taro mu je, idan aka ba mu littafi mu riƙe shi da gaskiya, tausayinmu kuma mu kai shi gaban jama'a ya zama doka, don ya amfani wanda ba mu sani ba. Allah ya ba mu maƙwabta na gari, ya sa mu ma mu zama na gari, amin.