Baƙin da Muka Tarar a Garkar Inna

Tsakanin Kaduna da Zariya kimanin kilomita 80 ne kacal, amma sai da na shekara guda cur ban taka gidanmu na cikin birni ba, tun bayan da aka share makokin mahaifinmu. Hausawa dai sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Komawar da na yi a watan Agustan bana ma, kira ne ya sa. Yayanmu ya buga mini waya ya ce akwai maganar da ba ta yiwuwa sai an zauna, maganar garkar Inna. Da yake makarantu suna hutu, sai na ɗauki 'yata mai shekara tara muka kama hanya.

Agusta a ƙasar Zazzau tsakiyar damina ce. Tun daga Maraban Jos, har muka wuce Birnin Yero da Jaji, masara da dawa ne dama da hagu, kore shar, sun fi tsayin mutum. Muna hango Dutsen Kufena hadari ya haɗo, kafin mu shiga Ƙofar Doka ruwa ya tsuge. Ta cikin ruwan na riƙa duban lungunan da na yi wasa a cikinsu. Inda na san fili, shago ne. Inda na san rimi, bene ne. Ban yi mamaki ba, domin irin wannan maganar ce ke jira na a gida.

Garkar Inna tana bayan ɗakin girki, tsakanin rijiya da katangar da ta yi iyaka da lungu. Tsawonta taku 12, faɗinta takwas. A cikin wannan ɗan wuri akwai zogale biyar, da lalle, da gwanda guda, da kuɓewa da yakuwa da ake shukawa kowace damina, sai itacen lemun tsami da mahaifinmu ya dasa shekarar da aka haife ni. Can jikin katanga kuma tumfafiya ce ta fito da kanta, Inna ta hana a sare ta. Ruwan wanke-wanke ne ke bi ta rariya ya shayar da su da rani. Daga nan miyar gidanmu take fitowa tun muna yara, daga nan kuma ake tsinko lemun da ake matsa wa mai mura.

Shawarar Yaya ita ce a rushe katangar, a fitar da shaguna uku su fuskanci lungu. Kuɗin hayarsu zai riƙe Inna, ya sayi maganinta na hawan jini, ba sai ta jira aike daga wurinmu ba. Magana ce ta hankali, kuma shi ne ke zaune da ita, shi ya san ciwon abin. Na ce ya ba ni 'yan kwanaki in yi tunani. A raina kuwa na riga na amince.

Washegari da hantsi ina shan koko sai na ji 'yata ta ƙwala kira daga garka: "Baba, zo ka ga kashin tsuntsu yana tafiya!" Na je na duba. A kan ganyen lemu ga wani abu baƙi-baƙi mai ratsin fari, bai kai tsawon farce ba, wanda ko rantsuwa aka ba ni zan ce tsuntsu ne ya yi kashi. Sai ga shi yana motsi, yana gaigayar gefen ganye. Da muka ɗaga rassa sai muka ga wasu, har da manya guda uku, koraye kamar ganyen da suke kai, kaurinsu ya kusa na ɗan yatsa.

Inna ta leƙo daga ɗakin girki, ta dubi jikarta ta ce, "Kishiya, kada ki kashe su. Su ne ke zama malam-buɗe-littafi." Yarinya ta yi dariya, ta ɗauka irin tsokanar da suka saba ce. Inna ta ce, "To ai gani ya kori ji. Ɗauko bokitin can."

Haka muka shiga kiwon tsutsa ba shiri. Muka wanke wani tsohon bokitin fenti, muka yanko yanki daga yagaggen gidan sauro muka rufe bakinsa, muka ɗaure da roba. Muka karyo reshen lemu muka tsoma gindinsa cikin 'yar kwalba mai ruwa don kada ganyen ya yi yaushi, muka toshe bakin kwalbar da auduga don kada tsutsa ta faɗa ciki ta nutse. Saboda cinnaku, sai muka ɗora bokitin cikin faranti mai ruwa, muka ajiye shi a inuwa inda ƙadangare ba ya kaiwa. Tsutsa bakwai muka sa. Safe da yamma ana canza ganye, ana zubar da kashinsu, wanda yake taruwa kamar baƙar ƙwayar gero.

Darasin farko da suka koya mana shi ne ba kowane ganye suke ci ba. Wata safiya 'yata ta tausaya musu ta kawo zogale, ko kallonsa ba su yi ba. Ran da ta taɓa ƙeyar babbar da tsinke kuwa, sai ga wani abu ja-ja mai reshe biyu kamar harshen maciji ya fito daga bayan kanta, wani wari mai kama da na ruɓaɓɓen lemu ya tashi. Yarinya ta yar da tsinke ta ruga. Na kira wani abokina da ke koyar da ilimin ƙwari a Samaru, ya yi dariya ya ce duk makamin da take da shi ke nan, ba ta cizo, ba ta harbi. Tana ƙarama ta yi shigar kashi don tsuntsu ya ƙyamace ta, ta girma ta yi shigar ganye don kada ya gan ta, in kuma an matsa mata ta saki wari. Ya ce masana suna kiran wannan iri Papilio demodocus, ana samun sa kusan ko'ina a Afirka kudu da Sahara, duk inda aka dasa lemu. Sau huɗu take saɓa tana girma, kamar yadda maciji ke yi, a saɓa ta biyar ne take barin zama tsutsa.

Shi ne kuma ya ce mu duba tumfafiya. Muka duba ƙarƙashin faffaɗan ganyenta, sai ga wata tsutsa dabam, mai zobba baƙi da fari da rawaya, da 'yan siraran ƙahoni shida masu laushi. Wannan ba ta ɓuya ko kaɗan. Kowa ya san farin ruwan tumfafiya guba ne, tun muna yara ake gargaɗinmu kada ya shiga ido. Ita wannan tsutsa shi ne abincinta, tana tara dafinsa a jikinta, har bayan ta yi fiffike. Tsuntsun da ya taɓa ɗanɗana ta ba ya sakewa, don haka adon nata gargaɗi ne. Muka yi wa biyu daga cikinsu nasu bokitin, na kuma hana yarinya tsinko ganyen, ni nake yi, in wanke hannu da sabulu.

Ba duka suka kai labari ba, kuma laifin farko nawa ne. Wani dare ruwa ya yi yawa, muka shigar da bokitin lemu ɗakin da nake kwana. Sauro ya dame ni, na tashi cikin magagi na fesa magani, na manta da baƙin da ke bayan ƙofa. Da gari ya waye biyu sun mimmiƙe a ƙasan bokiti. 'Yata ba ta yi mini magana ba har azahar. Feshin da bai wuce ƙiftawar ido ba ya isa. Na tuna yadda ake feshin gonaki da lambuna a yanzu, wani lokaci ba tare da an san abin da ake son kashewa ba.

Ba na ganin laifin manomi. Tun da tsutsar masara ta ɓulla a Afirka ta Yamma a 2016, bayan ta tsallako daga nahiyar Amurka, manoma da yawa sun ga yadda gona ke lalacewa cikin 'yan kwanaki. Ita ma tsutsar lemun ɓarna ce ga mai renon dashe, domin tana iya tsige ƙaramin dashe tas. Amma babban itace irin na Inna, tsutsa goma ba sa rage masa komai. Sanin wannan bambanci shi ne abin da muka rasa, shi ya sa duk abin da ya yi rarrafe a kan ganye hukuncinsa ɗaya.

A rana ta shida manyan suka daina ci. Suka yi ta zagaye bokiti kamar masu neman abin da suka yar. Muka sa musu busassun tsinke a tsaye. Kowace ta hau, ta manne gindinta, ta saƙa wani siririn zare ta zagaya ƙugunta kamar ɗamara, ta jingina. Bayan kwana guda fatar ta tsage, sai ga wani kwanso mai kusurwa, wani kore, wani ruwan ƙasa, ba ido ba ƙafa. Na tumfafiya kuwa ratayewa suka yi kai a ƙasa, kwansonsu sumul, da ɗige-ɗige masu ƙyalli kamar an yayyafa zinariya.

Ganin zaren nan ya sa Inna ta buɗe adaka ta fito da babbar rigar mahaifinmu. Ta nuna wa jikarta aikin da ke wuyanta da aljihunta, ta ce, "Kin ga wannan? Zaren tsamiya ne. Tsutsa ta yi shi." Gaskiya ta faɗa. Akwai wata tsutsa, dangin waɗanda ke tashi da dare, da ke cin ganyen tsamiya. Sukan taru da yawa su saƙa gida guda, a ɗebo shi a dafa da ruwan toka, mata su kaɗa shi ya zama zare, maɗinka su yi wa manyan riguna aiki da shi. Zariya kuwa ta yi suna a ɗinkin hannu tun da daɗewa. Ashe kakanninmu sun san tsutsar da za a kashe da wadda za a yi ado da ita. Na sha ganin rigar nan a jikin mahaifina ranar hawan salla, ban taɓa tambayar asalin zarenta ba.

Sai jira. Kwana ɗaya, biyu, biyar, ba abin da ya motsa. Yaya ya zo da magini suka auna garka da igiya, suka kafa turaku. A rana ta tara wani kwanso ya yi baƙi, muka yi murna, sai ga 'yan ƙananan ƙwari kamar zanzaro suna fitowa ta wata 'yar huda. Abokina ya ce uwarsu ce ta yi ƙwai a jikinsa, suka cinye shi daga ciki. Ya ƙara da cewa irin waɗannan ƙwari su ne ke hana tsutsa yin yawa a lambu, kuma feshi da su yake haɗawa.

A rana ta goma sha ɗaya, bayan na dawo daga sallar asuba, na tarar da Inna da kishiyarta a tsugune gaban bokiti, ba mai magana. Kwanson ya tsage. Wani abu jiƙaƙƙe, fiffikensa a cukurkuɗe kamar tsumma, yana rataye jikin tsinke. Yarinya ta kai hannu za ta taimake shi, Inna ta riƙe hannun. A hankali fiffiken ya riƙa miƙewa, har ya kai faɗin tafin hannuna, baƙi mai ɗige-ɗigen rawaya, da wasu idanu masu shuɗi da ja a na baya. Ya fi awa guda a haka. Sa'an nan ya buɗe, ya rufe, ya sake buɗewa, kamar almajiri yana juya warƙa. 'Yata ta ce a hankali, "Baba, ashe shi ya sa ake ce masa haka." Da rana ta ɗaga muka kwance gidan sauron. Ya tashi ya zagaya lemun sau biyu, ya haye katanga.

Cikin tara da muka ɗauka, shida ne suka tashi, har da na tumfafiya biyu, ruwan goro masu farin fiffiken baya. An ce a Afirka ta Yamma kaɗai akwai kusan iri 1,500 na malam-buɗe-littafi. Mu duka suna guda muke kiran su da shi, kuma na kai shekara arba'in ban taɓa ganin fitowar ko ɗaya ba, alhali a bayan ɗakin girkinmu ake yin abin kowace damina.

Daren da zan koma muka zauna a zaure, ni da Yaya. Na ce, "Yaya, a yi shago biyu, a bar lemun." Ya dube ni ya ce, "Saboda tsutsa?" Na rasa amsar da ba za ta zama abin dariya ba. Sai Inna ta yi gyaran murya daga bakin ƙofa ta ce, "Saboda mai dashen." Yaya ya sunkuyar da kai. Na ɗauki alkawarin cike gurbin hayar shago na uku daga albashina kowane wata, domin ba daidai ba ne in zo daga Kaduna in hana, in kuma bar masa nauyi.

An fara gini bayan na taho. Zogale uku sun tafi, tumfafiya ma ta tafi, tunda jikin katangar take. Abin da ya rage na garka bai fi taku huɗu ba, amma lemun yana tsaye. Ni ma da nake wannan rubutu, tsakar gidan da nake haya a Kaduna siminti ne daga bango zuwa bango, kamar na mafi yawan maƙwabtana. Ina roƙon duk mai shirin malale tsakar gidansa ya bar ko da taku biyu na ƙasa, ya dasa lemu ko zogale, in kuma ya ga tsutsa a kai ya tsaya ya duba kafin ya ɗauko magani. Yara za su ga abin da ba a nuna musu a aji.

Mun taho da 'ya'yan lemu a ƙulle cikin takarda. 'Yata ta shuka su a bokitin fentin nan, ta ajiye bakin famfo. Uku sun tsiro. Kullum kafin ta tafi makaranta sai ta ɗaga ganyensu ɗaya bayan ɗaya, tana neman kashin tsuntsu mai tafiya.